Kwana Uku a Hanyar Hubbare

 Masu sauraronmu na Lafani da Illela da Kalmalo da Araba, da 'yan uwa na tsallake a Birnin Ƙonni, barkanmu da war haka.  Iyayenmu maza da mata, shirin yau naku ne, ko da yake rabin maganar 'ya'yanku da jikokinku zan yi wa, don su ne masu ɗaukar hayar mota, su ne masu cewa "a yi sauri, rana tana yi".

Maganar ita ce ziyara. Da zarar an kammala girbi, gero ya shiga rumbu, ɗan kuɗi ya zauna a hannu, za ka ji tsofaffin unguwa sun fara shawarar zuwa Sakkwato, a ga Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a yi sallah a masallacinsa, in da hali a leƙa Wurno. Buri ne mai kyau, wani ma shekara da shekaru yana riƙe da shi a zuci. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cika shi.

Kun san yadda ake yi. A ɗauki bas guda, a cusa mutum 18 a wurin da ya dace da 14. A tashi bayan asuba ba a karya ba. Direba yana da lodin da ke jiransa da yamma, saboda haka ba tsayawa. A isa Sakkwato rana ta take, a sauke tsofaffi a bakin titi, wani yaro yana gaba yana kiran "Baba, ku ɗaga ƙafa". A shiga Hubbare a fito cikin rabin sa'a, a garzaya Wurno, a juyo, a iso gida bayan isha'i. Washegari Inna ba ta iya tashi, ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe. In ka tambaye ta me ta gani, sai ta ce ta ga mutane da yawa. An biya kuɗin mota, an sha wahala, ziyarar kuwa ba a yi ta ba.

Akwai wani abu da ke faruwa cikin irin wannan mota wanda ba a faɗi, don kunya. Tsohuwa ta san in ta sha ruwa fitsari zai matsa mata, ta san direba ba zai tsaya ba, in ma ya tsaya fili ne fetal ba wurin sakaya, ga surukai a cikin motar. Sai ta ƙi shan ruwa tun daren jiya. Tsoho ma haka, musamman mai matsalar mafitsara irin ta manyan shekaru, wanda ke zagayawa sau da yawa. To ga inda haɗarin yake. Likitoci sun tabbatar cewa idan shekaru suka ja, jin ƙishirwa yana raguwa, har jiki ya bushe mutum bai ankara ba. Gumin da ke sanyaya jiki shi ma ba ya fita kamar na yaro. Sannan da yawa daga cikin iyayenmu suna shan maganin hawan jini, wani irinsa aikinsa ke nan ya fitar da ruwa ta fitsari. Haɗa waɗannan uku da zafin mota da yinin da ba a ci abinci ba, sai ka ga dattijo ya sauko daga mota jiri ya kwashe shi. Mutane su ce iska ce, ko maye. Ruwa ne babu a jikinsa.

Wani zai ce ai haka tafiya ta gada. A'a. Ƙasar nan tamu ta san yadda ake tafiya da tsofaffi tun kafin a san mota.

Ku tuna Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a Degel a 1793, ta rasu a 1864. A zamanin ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da bayansa, ta ga matan ƙauye ba su da hanyar samun karatu. Matan aure masu ƙuruciya ba su iya barin gida. Sai ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. Kowane gari yana da shugabar mata, ana ce mata jaji, dattijuwa wadda aka yarda da hankalinta da mutuncinta. Nana da kanta take naɗa ta, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a ɗaura a kai, don duk wanda ya hango ayarin ya san ko su wane ne, ya ba su hanya. Su wa ke cikin ayarin? Matan da suka manyanta, waɗanda hidimar goyo ta sake su, da 'yan mata ƙanana da ba a yi wa aure ba. Da ƙafa suke tahowa daga ƙauyuka, suna rera waƙoƙin wa'azin da Nana ta tsara, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu da zane, su kawo, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Su zauna su ɗauki karatu, su kawo tambayoyin matan da suka baro a gida, su koma da amsa. Da Nana ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon aikin, kuma al'adar ba ta mutu ba har zamaninmu.

Ku dubi hikimar haɗin nan. Tsohuwa da yarinya. Ɗaya tana da sani da haƙuri, ɗaya tana da ƙafa da ido. Yarinya ta ɗauki ƙullin kaya, ta ɗebo ruwa, ta riƙe hannu a wurin gangare, ita kuma tana tsintar tarbiyya a hanya. Ga kuma shugaba guda wadda maganarta ce ake bi. Ayarin da ke tafiya da ƙafa da tsofaffi a ciki ba shi da zaɓi, dole ya yi tafiyar mai rauninsa. Mota ce ta zo ta ba mu damar mantawa da mai rauni, don shi ma yana zaune a kujera kamar kowa, ba a ganin gajiyarsa sai an sauka.

Bari in ɗan kai ku nesa, bakin Bahar Rum. A ƙasar Sifaniya, tun 1985 gwamnati take da wani shiri na hukumar kula da tsofaffi da ake kira Imserso. 'Yan fansho suna biyan kuɗi kaɗan, gwamnati ta cika sauran, a kai su garuruwan bakin teku rukuni-rukuni. Dubban ɗaruruwan mutane ke tafiya kowace shekara. Abubuwa biyu na tsarin suka ɗauki hankalina. Na farko, ba a kai su lokacin zafi, lokacin da matasan duniya ke cika bakin ruwa. Sai an shiga kaka har zuwa bazararsu, lokacin da gari ya yi sanyi, cunkoso ya ragu, masu masauki kuma suna neman baƙi. Na biyu, ba yini ɗaya ake yi ba. Kwana 8 ne ko 10 a masauki guda, da abinci sau uku, a fita da safe a ga wuri ɗaya, a dawo a huta. A birnin Malaga, wanda ya zauna a hannun Musulmin Andalus har 1487, akwai tsohuwar fadar sarakunansu a kan tudu, ana ce mata Alkazaba. Don kada hawa ya hana masu rauni ganinta, sai da aka haƙa dutsen aka sa na'urar hawa da mutane.

Ban kawo wannan don in ce mu jira gwamnati ta yi mana irinsa ba. Wanda ke fama da biyan fansho a kan lokaci, ba yau zai kai tsofaffi shan iska ba. Amma zaɓen lokaci da rage gudu ba su buƙatar kasafin kuɗi. Waɗannan a hannunmu suke.

To mu fara da lokaci. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, shi ne lokacin tafiya da tsoho a ƙasar Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma lokacin ne sanƙarau ya fi yawo. Kada a kuskura. Hunturu ma yana da nasa sharri: hazo yana tayar da tari da asma, sanyin asuba yana kama gaɓoɓi. A tanadi rigar sanyi da mayafi da abin rufe hanci da man kaɗe don faso. Na san lokacin ne matasanmu ke cikin fadama da aikin albasa, kowa yana ganin kwana uku asara ce. Sai a yi rabo, gida biyu ko uku su fitar da ɗan rakiya guda. A kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Illela, don hanya tana cika da manyan motocin dabbobi da na hatsi. Juma'a kuma cikin garin Sakkwato ba masaka tsinke wajen manyan masallatai. Wanda ke son ya samu Juma'a a Masallacin Shehu ko na Bello, ya tafi da wuri ya zauna kusa da ƙofa, ya bari jama'a su watse kafin ya tashi.

Tsakanin Illela da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Saurayi zai je ya dawo kafin azahar. Ni kuwa shawarata kwana uku ne.

Ranar farko a karya kumallo a gida, a sha magani, a tashi da hantsi. Hanya ta bi ta Gwadabawa, garin da Marafa Muhammadu Maiturare ya raya kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. A ƙasar Gwadabawan nan Degel take, kusa da Cimmola, kuma abin mamaki ne yadda mutanenmu ke wuce ta a guje suna sauri zuwa Sakkwato, alhali a nan labarin ya fara. A Degel Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa shekaru masu yawa, daga nan yake fita yawon wa'azi zuwa Kabi da Zamfara, daga nan kuma ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Wanda ya je Degel ba zai ga dogayen gine-gine ba. Ƙauye zai gani da fili da itatuwa, irin nasa na gida. Wannan kuwa shi ne darasin, kuma ba a ɗaukarsa a tsaye. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a nemi wani daga mutanen wurin ya ba da labari, a bar tsofaffi su yi tambaya. Za ku sha mamakin abin da su ma suka sani, wanda suka ji daga kakanninsu, ba wanda ya taɓa tambayarsu. A yi azahar, a ci abinci, a ɗan kishingiɗa, sannan a ƙarasa Sakkwato da la'asar sakaliya, tun da sauran haske.

Masauki shi ne abin da ke tsorata mutane, don ana ganin sai otal. Wane gida ne a Lafani ba shi da ɗan uwa ko suruki ko ɗalibi a Sakkwato? A aika tun da mako guda, a raba tsofaffi gida biyu ko uku, mata a wuri ɗaya, maza a wuri ɗaya, a tafi da ɗan hatsi da albasa a riƙa wa masu gida. Abin da za a duba a masauki ba ƙawa ba ce. Ɗaki ya zama a ƙasa ba bene ba, makewayi ya zama kusa, a ajiye tocila a gefen shimfiɗa. Sau da yawa faɗuwar tsofaffi a baƙon wuri da dare take faruwa, a hanyar bayi, kuma karayar ƙugu ga mai shekara 75 ba ƙaramin abu ba ce. In akwai wanda gwiwa ba ta bari ya tsuguna, a tafi masa da kujerar roba da aka huda. Ba abin kunya ba ne.

Rana ta biyu ta Sakkwato ce, ita kaɗai. Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Gidan da ya zauna nan ne Hubbare, kuma a nan kusa Nana Asma'u take kwance. A je da sassafe bayan an karya, kafin rana ta ɗaga. Ana cire takalmi, ƙasa kuwa in ta yi zafi tana ƙona tafin ƙafa, mai ciwon suga kuma sau da yawa ba ya jin ƙunar sai ta zama gyambo. A sa masa safa mai kauri. Game da ladubban ziyarar kabari, abin da ya halatta da abin da bai halatta ba, wannan fagen malamai ne, a tambaye su tun a gida don kada gardama ta tashi a cikin mota. Daga Hubbare a koma masauki. Daga sha biyu zuwa la'asar ba inda za a je. Da yamma, masu sauran ƙarfi su je gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga tsofaffin takardu da makamai da kayan sarauta, ko a zagaya da su ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi a cikin mota. Wanda ya ce ya gaji a bar shi ya kwanta, da mai zama kusa da shi. Kada a ce masa "ka zo har nan kuma ka ƙi gani".

Rana ta uku, in jiki ya yarda kuma an tabbatar da lafiyar hanya, sai Wurno, ribaɗin da Bello ya gina, inda ya rasu a 1837 aka binne shi. In jiki bai yarda ba, a bar Wurno sai baɗi, a kamo hanyar gida da hantsi.

Na san akwai masu cewa ziyara ba ta cika ba sai an haɗa da Gudu da Tafkin Kwato, inda aka gwabza yaƙi a watan Yunin 1804, da Alkalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yankunan Gudu da Tangaza da Sabon Birni sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Saurayi in abu ya tashi zai ruga. Motar tsofaffi fa? A bari sai Allah ya kawo sauƙi. Maratta kuma, inda aka haifi Shehu a 1754, tana cikin Nijar, ba nisa can daga Ƙonni. Mu mutanen iyaka mun saba ganin tsallakawa kamar shiga unguwa, amma abubuwa sun sauya. An rufe iyakar nan bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Wanda zai ƙetara da tsofaffi ya je ya tambayi jami'an shige da fice takardun da ake nema a yau, kada ya dogara da yadda aka yi bara, ya bar iyayen mutane a rana a bakin shinge. Ko ina za a je, magariba ta same ku a cikin gari.

Sai batun direba, wanda shi ne ginshiƙin abin duka. Ku yi ciniki da shi na kwana, ba na zuwa da dawowa ba. Direban da aka biya kuɗin sawu, gudu zai yi, kuma ba laifinsa ba ne, abincinsa yake nema. A gaya masa tun farko cewa duk bayan sa'a guda za a tsaya, a wurin da ke da masallaci ko gidan mai mai bayi. Kuma shugaban tafiya ne zai ce a tsaya, ba sai wani ya roƙa ba, don Inna ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙa ba. In an tsaya kowa ya sauka ya taka, ya sha ruwa a gaban shugaba. A rage mutum biyu ko uku daga lodin motar, a raba kuɗin kujerunsu. Tsada ce, na sani. Shi ya sa ya kamata a fara adashen ziyara tun damina, kamar yadda mata ke yi na biki. A ware wani abu a hannun ma'aji wanda ba a taɓawa sai don asibiti ko gyaran mota.

Mako guda kafin tafiya kowa ya je asibitin da ke kusa a auna jininsa, mai suga a auna sugansa. Magani ya isa kwana biyar ko da tafiyar ta uku ce, kuma ya zauna a aljihu ko a jakar hannu, ba cikin buhun da aka ɗaure a saman mota ba. Kada wanda ya daina shan maganin hawan jini don gudun fitsari a hanya. Mai ciwon suga kada ya sha magani ya zauna da yunwa. Ya riƙe dabino, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi ya ci nan take. A rubuta sunan kowane tsoho da garinsu da lambar wayar shugaban tafiya a takarda, a sa masa a aljihu. A tafi da ƙullin gishiri da suga na asibiti. In babu, a haɗa: ruwa mai tsabta lita 1, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Zafi kuma kada a raina shi don mun saba da shi. A aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa ba wurin hutawa, kuma da yawa tsofaffi ne da masu ciwo. In kuka ga dattijo ya fara magana ba kan gado, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana fifita, a nufi asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Addini ma bai matsa wa matafiyi ba. A mazhabar Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48 ana yin ƙasaru a cikinta, muddin ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba, kuma wanda tsayuwa ta gagare shi yana sallah a zaune. Ko nisan garinku zuwa Sakkwato ya kai wannan haddi, liman zai faɗa muku. Na kawo shi ne don na san halin iyayenmu: sai su ɗora wa kansu abin da Allah ya sauke musu, wani ma har da azumin nafila a ranar tafiya. Baba, a bar azumin nan sai an dawo.

Saura shugaba. A zaɓi mutum ɗaya, namiji ko mace, wanda tsofaffin ke jin nauyinsa, mata kuma su samu tasu jajin ko da akwai namiji a gaba, don akwai abin da ba za su faɗa masa ba. Duk tsofaffi uku a ba su matashi ɗaya. In an sauka ana tafiya da ƙafa, shugaba ya kasance a baya, tare da mai sandar da ya fi kowa jinkiri, 'yan gaba kuma kada su sha kwana sai sun waiwaya sun gan shi.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya a kan maganin hawan jini ko na suga ya kai ta wurin ma'aikacin lafiya na garinsu kafin ranar tafiya.